An Fita Neman Guduma, An Dawo da Zinariya

(Kiɗan buɗe shiri)



Duk wanda ya taɓa zuwa masallacin Juma'a a babban gari, ko ya shiga filin jirgin sama, ya san ɗan abin nan mai kama da faskaren ice da masu gadi ke shafa wa mutum a jiki. Da ya zo saitin aljihun da makulli yake, sai ya yi tsuwa. To, abin nan yana da wani yaya mai dogon mariƙi, da faifai a ƙasansa kamar wanda ake rufe ƙwarya da shi. A wasu ƙasashe, musamman Ingila, dubban mutane sun mai da yawo da shi a gonaki abin nishaɗinsu na ƙarshen mako, kamar yadda wani ke kiwon tattabaru, wani ke zaman dara. Abin da suke nema shi ne tsoffin tsabar kuɗi, da zobba, da sauran ƙarafan da mutanen zamanin da suka yar ko suka binne. Yau a kansu za mu yi hira, sannan mu juyo gida, don na'urar ta riga ta iso mu ta wata hanya dabam.

Bari mu fara da yadda take ji. A cikin faifan nan akwai waya da aka nannaɗe. Idan wutar batir ta bi ta cikinta, sai ta haifar da ƙarfin maganaɗisu mai kai da komowa, ya ratsa cikin ƙasa. Turɓaya da ice da ƙashi ba su cika tanka masa ba. Amma da ya taɓa ƙarfe, sai wata 'yar wuta ta motsa a jikin ƙarfen, shi ma ya mayar da nasa maganaɗisun. Akwai wani naɗin waya na biyu a faifan wanda aikinsa kawai sauraron wannan amsa, sai na'urar ta mai da ita ƙara a kunnen mai riƙe da ita. Kowane ƙarfe da irin amsarsa. Baƙin ƙarfe, irin su ƙusa da guntun garma, a yawancin na'urori gurnani yake yi can ƙasa-ƙasa. Azurfa da jan ƙarfe kuwa muryarsu siririya ce, tas. Tsabar kuɗi guda ɗaya, in ta wuce zurfin taƙi ɗaya da 'yan yatsu, abin da bai fi santimita 30 ba, da wuya na'urar 'yan nishaɗi ta ji ta. Saboda haka duk wanda ya ce zai sayar maka da wadda ke hango tukunyar zinariya daga nisan kilomita, ka riƙe aljihunka da kyau.

Asalinta ma ba don neman dukiya aka yi ta ba. A 1881 aka harbi shugaban Amurka James Garfield, harsashi ya maƙale a jikinsa likitoci suka rasa inda yake. Alexander Graham Bell, mutumin nan na wayar tarho, ya haɗa wata na'ura don ya gano shi, amma bai dace ba, kuma cikin abubuwan da ake ɗora wa laifin har da wayoyin ƙarfen da ke cikin gadon da aka kwantar da majinyacin. A Yaƙin Duniya na Biyu wani hafsan sojan Polan, Józef Kosacki, ya ƙera wadda soja ɗaya zai iya ɗauka don gano nakiyoyin da aka binne, aka yi aiki da ita a hamadar Masar a yaƙin Alamain na 1942. Bayan yaƙi ne ta yi sauƙi, ta yi arha, ta faɗa hannun farar hula.

Yanzu ku zo mu tsaya a bakin wata gona a Ingila, ranar Lahadi da sassafe, bayan an gama girbi an yi huɗa. Sanyi kamar ya tsinke kunne, ƙasa ta jiƙe tana kama takalmi. Ga wani dattijo can, ya sa takalman roba, abin sauraro a kunnuwansa, ƙaramin shebur a hannun hagu. Yana tafiya kamar mai bin sawun akuya, taku ɗaya ya wurga faifan dama, taku ɗaya ya wurga hagu, faifan na kusan shafar ƙasa. Sai ya tsaya cak. Ya sake bi ta wurin, ya juya ya bi ta wata fuskar. Ya durƙusa, ya yanko ƙasa kamar curin tuwo, ya ajiye gefe, ya zura wata 'yar ƙaramar na'ura mai kamar tocila cikin ramin. Ya murtsuke ƙasar da yatsu. Me ya fito? Marfin gwangwanin lemo. Ya jefa shi a jakar da ya ware don shara, ya mayar da curin ƙasar ya take da ƙafa, ya ci gaba.

Haka zai yi sau talatin ko arba'in kafin rana ta yi tsaka: ƙusa, kwanson harsashi, maɓallin riga, guntun dalma. Wani zai ce, to ai na'urar tana bambance ƙarafa, me zai hana ya saita ta ta yi shiru a kan shara? Ba a nan gizo ke saƙar ba. Ɗan zoben nan na alminiyam da ake ja a buɗe gwangwani, amsarsa kusan ɗaya ce da ta zoben zinariya. In ka toshe kunnenka daga wannan, ka toshe daga wancan. Dole ka haƙa. Akwai waɗanda suka yi shekara ashirin suna wannan yawo, abin da suka tara bai wuce cikin gwangwanin madara na tsabar tagulla da suka ci ƙasa ba, kuma ko a jikinsu. In ka tambaye su, daɗin yana cikin riƙe abin da hannun ƙarshe da ya taɓa shi ya yi shekara dubu a kabari.

Amma wani lokaci akan yi tsintuwar guru a suɗi.

A 1992, a wani ƙauye da ake rubutawa Hoxne, ake furtawa Hoksan, a gundumar Suffolk, wani manomi mai suna Peter Whatling ya yar da gudumarsa a gona. Ya roƙi abokinsa Eric Lawes, wani dattijo mai ritaya da ke da irin wannan na'ura, ya zo ya taya shi nema. Ranar 16 ga Nuwamba Lawes ya shiga gona, na'ura ta yi ƙara, ya haƙa, sai ga cokulan azurfa da tsabar zinariya suna fitowa. Ya cika leda biyu. Daga nan ya yi abin da a ganina ya fi tsintuwar kanta wuya: ya ajiye shebur. Aka sanar da 'yan sanda da hukumar gundumar, wadda ita ke da filin. Kashegari masana tonon tarihi suka zo suka kwashe sauran a tsanake.

Abin da aka ƙirga: tsabar kuɗin Rumawa 14,865, daga ciki 569 na zinariya ne, da kayan ado da na cin abinci kusan 200, har da sarƙar zinariya da mace ke ratayawa ta kafaɗu ta gicciye a ƙirji, da tandayen azurfa na zuba masoro, wanda tun daga Indiya ake kawo shi a wancan zamani. To don Lawes ya tsaya, sai aka ga abin da shebur zai lalata cikin minti biyar. An ga ragowar akwatin katako da ƙananan makullansa. An ga yadda aka jera kwanuka ɗaya cikin ɗaya, aka sa ciyawa da ƙyalle a tsakani don kada su goge juna. Wato ba a guje aka watsa kayan cikin rami ba, wani ne ya zauna ya shirya su da niyyar dawowa. Tsabar da ta fi sabunta a ciki an buga ta wajen shekara ta 407 zuwa 408, daidai lokacin da mulkin Rum ke sakin Birtaniya. Mai kayan bai dawo ba. An biya Lawes fam miliyan 1 da dubu 750, ya raba da manomin. Gudumar ma an same ta daga baya, tana Gidan Tarihi na Birtaniya a Landan tare da zinariyar.

Ga wani misalin da ya fi fito da maganar fili. A watan Afrilun 2010, kusa da garin Frome a gundumar Somerset, wani mai dafa abinci a asibiti, Dave Crisp, ya haƙa ya tarar da bakin wata ƙatuwar tukunya cike da tsabar kuɗi. Sai ya mayar da ƙasa ya rufe, ya kira jami'ai. Masana suka yi kwana uku suna kwashewa hawa-hawa, kowane hawa da jakarsa. Tsaba 52,503, nauyinsu kimanin kilo 160, na ƙarni na uku. Da suka dubi tukunyar sai suka ga jikinta bai yi kaurin da za a ɗaga ta da wannan nauyi ba, fashewa za ta yi. Ke nan sai da aka binne ta tukuna, sannan aka yi ta juye kuɗi a ciki. Wanda ke ɓoye dukiya don ya dawo ya ɗauka ba haka zai yi ba, ƙananan tukwane zai nema. Wannan ya sa wasu masana ke ganin wataƙila jama'ar wurin ne suka haɗa suka binne a matsayin sadaukarwa ga abin bautarsu. Da Crisp ya fasa tukunyar ya kwashe a buhu, tsabar za su kai kasuwa lafiya lau, amma wannan labari ya tafi ke nan har abada.

Ingila ta gane cewa ba za ta iya sa ɗan sanda a kowace gona ba, sai ta zaɓi ta yi ciniki da masu na'urar. A 1996 aka yi dokar dukiyar da aka tono, ta fara aiki a 1997. A taƙaice, abin da ya kai shekara 300 kuma aƙalla kashi goma cikin ɗari na jikinsa zinariya ne ko azurfa, ko tarin tsabar kuɗi da aka samu wuri guda, dole a kai rahotonsa cikin kwana 14. Wani kwamiti ya yi masa kuɗi daidai da farashin kasuwa, in gidan tarihi na so ya biya, a raba kuɗin, galibi rabi da rabi, tsakanin mai tsintuwa da mai gona. Sauran ƙananan abubuwa kuma akwai jami'ai a gundumomi da ake kai wa don raɗin kai, su ɗauki hoto, su rubuta daidai inda aka samu, su mayar wa mai shi. Ta haka an rubuta abubuwa fiye da miliyan ɗaya da rabi. Kuma ko da wasa ba ka shiga gonar mutum sai da izininsa. Ba kowace ƙasa ce ta yarda da wannan sassauci ba. A Jamhuriyar Ailan, maƙwabciyarsu, neman kayan tarihi da na'urar ba tare da lasisi ba laifi ne kai tsaye. Ko a Ingilar ma akwai masana da har gobe ke ganin an sakar wa 'yan nishaɗi mara da yawa, kuma ba su rasa hujja ba, don akwai ɓarayin da ke shiga wuraren tarihi cikin dare su bar ramuka.

A 2015 wasu mutum biyu suka tono dukiyar zamanin 'yan Viking kusa da Leominster a gundumar Herefordshire, tsaba kimanin 300 da kayan ado na zinariya. Suka ɓoye, suka fara sayarwa a bayan fage. Hotunan da suka goge a waya su suka tona musu asiri, a 2019 kotu ta ɗaure ɗaya shekara goma, ɗayan takwas da rabi, ko da yake an rage musu da suka ɗaukaka ƙara. Lokacin shari'ar, tsaba wajen 30 kawai aka iya ƙwatowa. Abin takaicin shi ne irin tsabar. Littattafan tarihin da aka rubuta a fadar Sarki Alfred, ɗaya daga cikin sarakunan Ingila na wancan zamani, sun nuna maƙwabcinsa Ceolwulf na Biyu, sarkin Mercia, a matsayin wawan da 'yan Viking suka ɗora. Amma ga kuɗi iri ɗaya, zane ɗaya, wasu da sunan Alfred wasu da sunan Ceolwulf, alamar cewa sun taɓa zama abokan ƙawance. Shaida ce da ke ƙaryata marubutan fada, aka rarraba ta a aljihunan dillalai. Da sun kai rahoto, da sun sami rabonsu na halal mai yawan gaske.

Kada kuma a ɗauka bin doka na hana rigima. Dukiyar Staffordshire da Terry Herbert ya gano a gonar Fred Johnson a watan Yulin 2009, zinariya fiye da kilo biyar, yawancinta adon takubba na ƙarni na bakwai, an yi mata kuɗi fam miliyan 3 da dubu 285, aka raba musu. Ba a jima ba jaridu suka cika da labarin sun ɓata, kowa na zargin ɗan'uwansa da son kuɗi.

Akwai wani abu da zai ba ku mamaki a cikin irin waɗannan tukwane: rubutun Larabci. A 2007 wani uba da ɗansa, David da Andrew Whelan, suka tono wani kofin azurfa kusa da Harrogate a arewacin Ingila, da tsaba 617, daga ciki har da dirhamomin da aka buga a Samarƙand. A tsibirin Gotland na ƙasar Suwidin, a 1999, an tono azurfa kilo 67 a wata gona, da tsaba fiye da 14,000, kusan dukansu dirhamomin daulolin Musulunci ne. Fataken Viking ne ke bin kogunan Rasha da fatu da bayi, su dawo da azurfa. Ba karanta rubutun suke yi ba, a ma'auni suke ɗora ta, shi ya sa ake samun da yawa an datse su gida biyu ko huɗu don a cika awo.

(Ɗan gajeren kiɗa)

To mu fa? A wajenmu na'urar ba da rigar wasa ta shigo ba. Tun da aka fara rububin zinariya a arewacin Sudan, sannan a Jado da ke arewa maso gabashin Nijar a 2014, da Cibarakaten wajen iyakar Aljeriya, da arewacin Chadi, samarinmu da yawa sun san ta farin sani. A can neman abinci ne, cikin rana da ƙishirwa da 'yan fashi, wani ya sayar da gona ya sayi na'ura ya dawo da bashi. Wannan hira ce ta wata ranar. Abin da ya sa na kawo ta shi ne, na'urorin nan suna dawowa gida, kuma wata rana wani zai ce bari ya gwada tasa a tsohon kufai ko gindin ganuwa.

Me zai ji? Ba abin da Bature ke ji ba. Kuɗin kakanninmu na ɗaruruwan shekaru wuri ne, shi kuwa wuri ƙwanson dabbar teku ne, ko buhu goma aka binne na'urar ba za ta ce uffan ba. Gumakan Nok na yumɓu ne, su ma shiru. Abin da zai ji shi ne mundaye da ƙarau na tagulla, da kan mashi, da kashin maƙera, wataƙila da liyari, babbar tsabar azurfar nan mai hoton Sarauniya Mariya Tereza da shekarar 1780 a jiki, wadda mata suka daɗe suna ado da ita. Sai kuɗin zamanin Turawa: anini, ɗari, kwabo, taro, sisi, sule.

Ina da anini guda a nan hannuna, daga gwangwanin allurar kakata na gaje shi. Ƙarami ne, da huda a tsakiya, don a zura a zare kamar yadda aka saba yi wa wuri. A fuska ɗaya tauraro mai tsini shida, a ɗayar kambin sarauta da sunan sarkin Ingila, ga kuma rubutun Larabci a ƙasan hudar yana faɗin darajarsa, don Turawan sun san da wane harafi mutanenmu ke karatu. Goma irinsa ne kwabo ɗaya. Na farkon da aka buga a 1907 da alminiyam aka yi su, ba su jure ba aka sauya ƙarfen. A kasuwar masu tara tsoffin kuɗi irin nawa bai kai kuɗin kwanon shinkafa ba, an buga su da yawan gaske.

Amma ƙasarmu ba ta rasa manyan abubuwa a ciki ba. A Durɓi ta Kusheyi, can ƙasar Katsina, tonon da masana suka yi a tuddan kaburburan sarakunan da, a farkon shekarun 1990, ya fito da kayan ado na zinariya, da mundayen ƙarfe, da wuri, da tasar tagulla da ta fito daga ƙasashen gabas. Don an tono su a tsanake, an san wa aka binne da me, kuma an ga cewa fataucin Katsina da ƙetaren hamada ya daɗe ƙwarai. Ku gwada wannan da abin da ya faru a wuraren Nok, da Kwatarkwashi, da Bura a Nijar, inda masu haƙa suka bi dare da rana suka kwashe gumaka, dillalai suka saya a arha suka fitar. Yau da yawansu suna cikin gidajen masu kuɗi a Turai, ba wanda zai iya cewa daga wane rami kowanne ya fito, balle me ke kusa da shi.

A Nijeriya dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa ta hana tonon neman kayan tarihi ba da izinin hukumar ba, ta hana cinikinsu sai ta hannun wanda aka amince wa, ta kuma hana fitar da su waje ba takarda. Ta fuskar addini ma ba a bar abin sakaka ba. Malaman fiƙihu sun bambanta tsintuwa, wadda ake cigiyarta har shekara, da rikazi, wato dukiyar mutanen jahiliyya da aka samu a binne, wadda ake fitar da kashi ɗaya cikin biyar nata. Wane ne mai sauran, mai gona ko mai tsintuwa, wannan a zauna da malami. Kabari kuwa, ba sai an tambayi kowa ba.

Yawancin abin da ake samu a nan ma ba na'ura ke gano shi ba, fartanya ce, ko masu haƙar rijiya da tushen gini. Malam manomi, in garmarka ta ci karo da bakin tukunya, ko ka ga mundaye jere a cikin ƙasa, dakata. Kada ka fasa don ka ga cikinta. Kada ka wanke, kada ka goge da toka ko lemon tsami, tsatsar nan da kake gani tana riƙe da zane, wani lokaci har da ragowar ƙyallen da aka naɗe abin. Ɗauki hoto da waya yadda yake kwance, ka ajiye fartanyar a gefensa don a gane girmansa. Mayar da ƙasa ka rufe, ka sa alamar da kai kaɗai ka sani, ka gaya wa mai gari, a aika gidan tarihi mafi kusa: Gidan Makama in kana Kano, ko na Kaduna, ko Jos, ko Sakkwato, in kuma a Nijar kake, na Yamai ko na Damagaram.

 

(Kiɗan rufe shiri)